Daga Tafiyar Ƙafa Zuwa Matakalar Jirgi: Tsofaffinmu da Filayen Jirgin Sama

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau tarihin filin jirgi za mu taɓa, amma ta ɓangaren mutanen da ba a cika tunawa da su ba: tsofaffi, masu ciwon ƙafa da masu buƙata ta musamman. Kuma da mutanenmu na Talatar Mafara, Bakura da Maradun zan yi misali, domin a wajenmu yawancin waɗanda suka taɓa shiga jirgi, aikin Hajji ne ya shigar da su.

Bari mu koma baya. A zamanin kakannin kakanninmu, Hajji aikin mai ƙarfi ne. Mutum zai yi sallama da dangi kamar ba zai dawo ba, ya nufi gabas ta Borno, ya ratsa Cadi, ya shiga Sudan, yana tafe yana ƙwadago a gonakin mutane don ya sami guzuri, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Wasu a hanya suka yi aure suka zauna, shi ya sa har gobe akwai Hausawa birjik a Sudan. Garin Mai Wurno da ke can ma, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. To ku faɗa mini, dattijo mai shekara 70 zai iya wannan tafiya? Wanda tsufa ya cim masa bai je ba, sai dai ya haƙura.

A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 aka fara zirga-zirgar jirgi tsakanin Kartum da Kano. Sannan a 1948 wasu attajiran Kano, Mamuda Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, wadda har yau ake kiran wani yanki na Fagge da sunanta. Da manyan motoci aka fara, daga baya aka koma hayar jirgi. Sardauna ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kuma daga waɗannan shekaru ne tafiya ta sama ta soma zama ruwan dare.

Nan ne inda nake so ku lura. Jirgi ya taƙaita tafiyar shekaru ta koma awa huɗu zuwa biyar, kuma da wannan ya canza irin mutumin da ke tafiya. Yanzu ba ƙarfin ƙafa ake nema ba, kuɗin kujera ake nema. Wa ke da kuɗin kujera a garuruwanmu? Manomin shinkafa a yankin Bakolori da ya shekara talatin yana tarawa. Dattijon da ya sayar da shanunsa. Gyatumar da 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka biya mata. Wato jirgi ya buɗe wa tsofaffi ƙofar Makka. Sai dai shi filin jirgin, an tsara shi ne don mai lafiyar gwiwa, mai kaifin ido, mai jin Turanci.

Ku biyo ni mu bi hanyar. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, amma shekara da shekaru alhazanmu ta filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato suke tashi. Kafin tsohuwa daga ƙauyen Maradun ta ga jirgi, ta sha mota zuwa inda ake tara alhazai, ta yi zaman jira, ta sake shiga mota a ayari, ga fargabar hanya a waɗannan shekaru na rashin tsaro. Ta iso a gajiye, sai layin awon kaya, layin fasfo, layin bincike. Mai ciwon suga kuwa lokacin cin abincinsa da shan maganinsa ba ya jiran a gama layi.

Bayan duk wannan sai matakala. Manyan jirage irin Boeing 747, waɗanda aka daɗe ana jigilar alhazanmu da su, ƙofarsu ta kai kusan mita 5 daga ƙasa. Hawa bene ke nan, ga jaka a hannu, ga jama'a na turowa daga baya. Inda aka gyara, akwai rufaffiyar gada da ke kai fasinja bakin ƙofa ba tare da ya taka matakala ba. Inda babu gada, akwai mota mai ɗaki a bayanta da ke ɗaga mai keken guragu sama har ƙofar jirgi. Inda babu ko ɗaya, sai matasa su ciccibi dattijo a gaban mutane. Suna samun lada, babu shakka, amma ku tambayi dattijon yadda ya ji a ransa.

A wasu ƙasashe doka ce ta kawo gyara, ba tausayi kaɗai ba. Amurka ta yi dokar hana kamfanonin jirgi nuna wa naƙasassu bambanci a 1986. Tarayyar Turai a 2006 ta ɗora wa filayen jirgi nauyin taimaka wa mai raunin motsi kyauta. Mu ma muna da tamu. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta kuma wajabta wa kamfanonin jirgi samar da keken guragu mai aiki da taimaka wa fasinja wajen hawa da sauka. Saboda haka keken nan ba alfarma ba ce, hakki ne.

Kar mu ɗauka maganar mutane kaɗan ce. A Hajjin 2022, bayan korona, Saudiyya ta hana waɗanda suka haura shekara 65 zuwa. Gida nawa ne a Mafara da Bakura aka yi jimamin wannan? Da aka janye sharaɗin a 2023 suka dawo layi, a shekarar da Nijeriya ta sami kujera 95,000.

A watan Yuni na 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau. Rage nisa babban sauƙi ne. Amma Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ni ba da kyan fenti zan auna filin nan ba. Zan duba ko akwai hanyar gangare ta keke tun daga bakin mota, da kujeru a kan layi, da bayi mai wurin zama da abin dafawa, da wurin alwala da tsoho zai zauna, da sanarwa cikin Hausa, da motar ɗaga marasa ƙarfi da kuma wanda ya iya aiki da ita.

Ku kuma matasa, idan Baba ko Inna za su yi tafiya, ku sanar da jami'an alhazai ko kamfanin jirgi tun da wuri, aƙalla kwana biyu kafin tashi. Ku fayyace musu: ba ya iya doguwar tafiya ne, ko matakala ce ba ya iya hawa, ko sai an kai shi har kujera? Kamfanonin jirgi sun raba taimakon gida uku ne haka. Magani kuma ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga babbar jaka.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu ma mu tsufa cikin mutunci. Wanda ya taɓa raka tsoho filin jirgi, ya ba mu labarin abin da ya gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.