Zuwa gida da bazara: bukukuwa da wuraren kai baƙi daga Maris zuwa Mayu

Duk shekara in sanyi ya fara janyewa, sai saƙonni su dinga shigo mana daga ƴan uwa mazauna Kano, Abijan, Akara, Aljeriya, har Faransa da Amurka. Tambayar kusan ɗaya ce: muna son zuwa gida da iyali cikin Maris ko Afrilu, to me za mu tarar ban da zafi? Waɗanda ke Turai su kan ce a wajensu lokacin ne itatuwa ke fure, kowa na fita yawo. Mu a nan sunansa bazara, rana kan haura digiri 40, wani lokaci ta taɓa 45.

Amma kuma lokacin ne mutanen karkara ke da sukunin zama da baƙo. An gama aikin kaka tuni, shuka ba ta zo ba, ƴan bida sun fara dawowa. Shi ya sa muka tattara muku ranaku da wuraren da suka cancanci zuwa a jahohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da birnin Yamai, da abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya ɗaura kaya.

Ranakun da ba su canzawa

24 ga Afrilu ita ce ranar sasantawa da haɗin kan ƴan ƙasa. An ware ta ne don tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa. Garin Cintabaradan na jahar Tawa ya yi suna wajen karɓar wannan biki, inda ake ganin mahaya raƙuma cikin ado da kiɗan tende na Abzinawa.

1 ga Mayu ranar ma'aikata ce. A manyan garuruwa ƙungiyoyin ƙwadago na yin maci da safe, kowace da anko nata, su miƙa wa hukuma takardar koke-kokensu.

13 ga Mayu ranar matan Nijar ce. Asalinta 1991, lokacin da ake shirin babban taron ƙasa. Mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirye-shirye, sai mata suka fito kan titi a Yamai suka ce ba su yarda ba, har aka ƙara musu kujeru. Tun daga nan ake bikin ranar. Ƙungiyoyin mata kan baje abin da suka sarrafa da hannunsu, irin su man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, sabulu, garin zogale, turaren wuta da tabarmi. In kina neman tsarabar komawa, hajiya, nan ne wurin saye, kuɗin kuma hannun mai aikin suke shiga kai tsaye.

Sallah, wadda ke bin wata

Watannin Musulunci na ja baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, don haka a ƴan shekarun nan azumi da Sallah na faɗowa cikin bazara ko daf da ita. A 2026, misali, ƙaramar Sallah na cikin Maris, ta layya kuma a ƙarshen Mayu. Wanda ya daidaita zuwansa da ɗaya daga cikinsu ya ga abin kallo ba tare da ya biya ko dala ba.

A Damagaram, in an sauko daga idi Sultan kan komo fada bisa doki, da dogarai da ƴan lifidi da masu kakaki da algaita. Mahautan garin kuma an san su da hawan ƙaho a lokacin Sallah, inda saurayi ke tarar bijimi ya kama ƙahonsa yana tsaye gabansa. Kallon wannan daga nesa ake yinsa, a riƙe hannun yara da kyau, don sa ba ya sanin baƙo. A Maraɗi akwai hawan Sarkin Katsina, a Tsibiri da ke kusa da ita kuma na Sarkin Gobir. Mota ba ta minti 30 tsakanin garuruwan biyu.

Jahar Maraɗi

Wurin farko da muke kai baƙi shi ne tabkin Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi. Gulbin Maraɗi da gulbin Gabi ne ke ba shi ruwa da damina. Da bazara ruwan kan ja baya, masu lambu su bi danshin da ya bari, masunta kuma su fi samun kifi kusa. Kewaye da tabkin akwai kaburburan da aka sani da na waliyyai 99, waɗanda jama'a ke kai wa ziyara, musamman lokacin Mauludi. Wurin na cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. In kun je, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku sa tufafi na mutunci, kada a ɗauki kowa hoto sai an tambaye shi.

Cikin Maraɗi, Litinin da Juma'a ne kasuwa ta fi cika. Wanda ke son nuna wa yaransa tarihi sai ya gangara unguwannin bakin gulbi. A can ƙasa tsohon garin yake, wanda Katsinawa suka zauna bayan jihadi, kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro da shi tudu.

Masu ƙarfin tafiya da mota mai jure rairayi na iya nufar gandun dajin Gadabeji a gundumar Bermo. An keɓe shi tun 1955, kuma a 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga yankin Kure aka sake su a can. Ba wurin da ake faɗawa haka kawai ba ne. Sai an bi ta hannun ma'aikatan gandun daji, a ɗauki ruwa da man mota na zuwa da dawowa.

Jahar Damagaram

Unguwar Birni kaɗai ta ishe ku yawon safiya guda. Akwai fadar Sultan, wadda gininta ya samo asali tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Tanimun. Akwai gidajen ƙasa masu zane a fuska, da lunguna da ke ratsa manyan duwatsu. Ku tuna wa yara cewa Zinder ce babban birnin ƙasar nan a zamanin Turawa har zuwa 1926, kafin a mai da shi Yamai. Ranar Alhamis ce babbar kasuwa, kuma aikin dukawan garin, jaka da takalmi da majanyin wuƙa, ba ya buƙatar talla.

Mirya na kilomita 18 gabas da Zinder, gari mai lambuna da inuwa. In an ƙara gaba akwai tabkin Gidimuni da dabino da giginya a gefensa. Abu ɗaya dai, ƙarancin ruwan sha tsohuwar matsala ce a Zinder, kuma da bazara ta fi tsanani. Baƙon da ya saba wanka sau uku a rana ya rage, don jarkar da ya ƙarar wani ne ya yi layi ya sayo ta.

Jahar Tawa

Mai bin babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa zai ji ƙanshin Galmi kafin ya gan ta. Maris da Afrilu lokacin cire albasa ne, buhuna jibge bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Gana da Kodebuwa da Benin. Wannan jar albasa ta Galmi ita ce ƴan uwanmu da yawa ke sayarwa a kasuwannin Akara da Abijan, amma yaransu da aka haifa can ba su taɓa ganin gonarta ba. Tsayawar awa ɗaya ta isa su ga yadda ake ban ruwa, da rumbunan da ake adana ta.

A Tawa kasuwar Lahadi ce ke haɗa Adarawa da Fulani da Abzinawa wuri guda. Tabkin Tabalak na kimanin kilomita 50 kan hanyar Agadas, da kifi da tsuntsaye da lambuna. Duk tafiyar da ta wuce Tawa zuwa arewa, har da ta Cintabaradan, a fara tambayar jandarma ko ofishin magajin gari halin da hanya ke ciki, kuma a yi ta da rana.

Yamai da kewaye

Wanda ya sauka ta jirgi, kada ya wuce bai kai yara gidan tarihi na Bubu Hama ba. An buɗe shi a 1959. Akwai namun daji, ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka haƙo a hamada, samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, da masu sana'ar hannu na aiki a gabanka. Nan ne kuma aka ajiye ragowar itaciyar Tenere, wadda ta yi tsaye ita kaɗai cikin hamada har mota ta kayar da ita a 1973. Da yamma a je bakin kogin Isa a sha iska. Mayu da Yuni ne ruwan ya fi yin ƙasa, tsibirai na rairayi su fito fili.

Raƙuman dawa na Kure, kilomita 60 kan hanyar Doso, su ne na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su kai 50 ba, daga baya suka haura 600 saboda kulawar da aka ba su. Da rani su kan gangara kwarin Dallol Boso neman ganye. Sai dai tun harin 9 ga Agusta 2020, wanda ya ci rayukan mutum 8 a wurin, kada a je can sai an fara tambayar hukuma. Kada wani direba ya ce muku ya san hanyar baya.

Abin da ke ƙauye, wanda ba a rubuta ranarsa

Mafi yawan shagalin bazara ba ya cikin kalanda. Bikin aure ne da suna, da saukar karatu, da kokowar samari a dandali bayan isha. Akwai su na gayya, in ruwan tabki ya ja aka sa rana kowa ya shiga da homa da gora. Akwai gayyar yaɓen ɗaki da jinka kafin ruwan farko, da sharar gona da kai taki. Ranar waɗannan mai gari da sarkin ruwa da iyayen biki ne suka san ta, don haka kiran waya ɗaya zuwa gida kafin a sayi tikiti ya fi duk abin da za mu rubuta. Baƙon da ya tuɓe riga ya taya ɗaukar ƙasa ranar gayya, za a daɗe ana ambatonsa.

Kiyaye lafiya

Fita ta bazara daga bayan asuba ce zuwa wajen ƙarfe 11, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana ta inuwa ce. A riƙa shan ruwa tun ba a ji ƙishi ba, a sa wa yara hula da tufafi marasa nauyi, kada a bar yaro ko tsoho cikin mota a rufe ko da minti kaɗan ne.

Lokacin ƙura da zafi ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a ƙasashenmu na Sahel. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuya ya sanƙare, ko jariri ya ƙi mama maɗigarsa ta kumbura, wannan ba na jira ba ne, a tafi likita nan take. Masu zuwa daga waje su duba katin rigakafin iyali kafin tafiya, har da na shawara da ake tambaya a kan iyaka. Wanka cikin tabki kuma na iya jawo tsargiya, gara yara su tsaya kallo daga baki. Daga tsakiyar Mayu iska mai ƙura da hadarin farko na iya tasowa ba sallama, in kun ga gabas ta yi ja ku nemi mafaka, ku nisanci manyan itatuwa.

Rumbun mai masauki

Ga maganar da ba kowa zai faɗa muku a ido ba. Hatsin da aka girbe a Oktoba, zuwa Afrilu da Mayu ya yi ƙasa a gidaje da yawa, ga iri da za a ajiye, ga farashin tiya na hawa a kasuwa. Bahaushe ba ya cewa baƙo babu. Zai yanka kazar da ya tanada, ya auno daga abin da ya ajiye don damina, ya yi murmushi. Bayan kun tafi shi zai san yadda ya yi.

Don haka wanda Allah ya hore wa, ya shigo da buhun hatsi ko na shinkafa, da mai da sukari, ya miƙa wa uwar gida tun ranar farko ba tare da shela ba. In za ku fita yawo ku ɗauki yaran gidan tare da naku, da yawansu ba su taɓa ganin Madarunfa ko fadar Damagaram ba alhali suna kusa. In kuna da niyyar barin wani abu, ku tambayi abin da ake buƙata. Sau da yawa amsar ita ce iri, ko taki, ko gyaran famfon da ya lalace. Kuma a yi ƙoƙarin kammala ziyara kafin ruwan shuka, don ranar da ya sauka ba mai lokacin hira.

Masu biki ko su ko kokowa a ƙauyukansu, ku aiko mana da rana da wuri ta hannun wakilanmu, mu sanar a shirin gaishe-gaishe don na nesa su ji su shirya. Zumunta a ƙafa take. Allah ya kawo ku lafiya, ya kai mu damina mai albarka.