Daga Grand-Bassam Zuwa Wusasa: Tsoron Allah a Cikin Sujadarmu

Ranar Lahadi da safe tashar Bassam da ke Treichville takan canja kama. 'Yan kamasho na nan da kiransu, motoci na lodi kamar kullum, amma a cikin jama'a sai ka riƙa hango mutane sanye da farare tas, maza da mata. Wasu 'yan ikilisiyar Harris ne, wasu 'yan Seles. Ni a cikin mawaƙan ikilisiya na tashi a ƙasar Zazzau, fatauci ya kawo ni Abijan, kuma har yau ni ke jan waƙa a ƙaramar majami'armu ta masu jin Hausa. Tarihin masu fararen kayan nan ya shafe mu, domin abin da ya durƙusar da kakanninsu shi ne ya durƙusar da namu.

A 1913 wani dattijo ɗan ƙabilar Girebo daga Laberiya, William Wade Harris, ya shigo wannan ƙasa ta bakin teku. Ya ce a kurkuku, a 1910, Mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi ya aike shi. Ba ya sa takalmi. Farar riga ce a jikinsa da rawani, hannunsa riƙe da gicciyen gora da Littafi Mai Tsarki da ƙwaryar baftisma, mata biyu na biye da shi suna waƙa suna kaɗa caki. Ya ratsa ƙauyukan gaɓar teku, ya bi ta Grand-Bassam, garin da ya fara zama fadar mulkin Faransa a ƙasar, ya kai har Axim a Gana ta yau. Cikin kamar shekara ɗaya da rabi mutum fiye da 100,000 suka karɓi baftisma, kafin Faransawa su kore shi a 1915.

Wa'azinsa ba dogo ba ne. Allah ɗaya ne, mai iko ne, ba a haɗa shi da kome. A ƙone gumaka da layu, a kiyaye ranar Lahadi. Mutanen da suka saba rawar jiki a gaban dodannin tsafi sun ji an zo musu da Wanda ya fi dodannin, suka juya da tsoron nasu gaba ɗaya zuwa gare shi. Abin da ya fi taɓa ni, a matsayina na mai waƙa, shi ne amsar da ya ba waɗanda suka tambaye shi waƙar da za su yi wa wannan Allah: ya umarce su su ɗauki waƙoƙin yabonsu na gida su sa sunan Allah a ciki. Wato muryar da aka tanada domin sarki, a miƙa ta ga Sarkin sarakuna. A 1924 da wani ɗan mishan na Metodis, William Platt, ya zagaya yankin, ya tarar da majami'un da mutane suka gina da hannunsu, suna taruwa kowace Lahadi, a wasu wuraren da Littafi Mai Tsarki na Ingilishi ajiye a gaba, alhali ba mai iya karanta shi. Shekara goma ba malami, amma ba su watse ba.

Namu labarin ya bi wata hanya. Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso ƙasar Hausa a 1900, ya yi shekaru a birnin Zariya ba tare da jama'a mai yawa ba. A 1913 zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, suka neme shi. Suka zauna a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga baya aikin ya koma Wusasa. Waɗannan mutane ba a koya musu ladabi a gaban Allah ba, da shi suka zo. Sun fito daga gidajen malamai, sun san ba a shiga wurin ibada da hayaniya, ba a ajiye littafi mai tsarki a ƙasa. Majami'ar Saint Bartholomew da aka gina a Wusasa a 1929 ginin ƙasa ce irin na magina Hausawa, mai kaurin bango da baka a sama. Duk wanda ya shiga ya san yadda murya ke sauka da kanta a ciki. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aka riƙa jin labarin Musa a gaban kurmi mai cin wuta da harshen da ake gaida sarki da shi.

Waƙa ce ta daɗe ba ta zama tamu ba. Littafin Waƙoƙi cike yake da fassarar waƙoƙin Turawa, kalmomin Hausa a kan karin Ingila, har wani lokaci karin ya karkatar da kalma. Ina ƙaunar waƙoƙin nan, da su aka binne iyayenmu. Amma Zumuntar Mata ce ta yi mana abin da Harris ya yi wa mutanen gaɓar teku. Suka shigo da tulu da caki, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa, da karin da ake yi a bakin turmi. Na taso ina ganin wata tsohuwa a cikinsu, mai buga tulu, wadda in an gama rawa aka ce a yi addu'a, takan zame takalmanta ta tura ƙarƙashin benci, ta durƙusa a kan siminti, ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Guminta bai bushe ba, amma ba za ka ƙara jin motsinta ba sai an ce amin. A wurinta rawar da durƙuson abu ɗaya ne. Haka ma 'yan ikilisiyar Seles, da Samuel Oschoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, har yau ba sa shiga majami'a da takalmi.

Daga shekarun 1970 zuwa 1980 farkawar Fentikos ta mamaye biranenmu, daga Legas har Abijan. Ta kawo alheri: matasa sun dawo, mutane sun koyi yin addu'a da bakinsu ba sai an karanta musu ba. Ta kuma zo da lasifika da janareto da piyano mai amfani da lantarki. A unguwar Adjamé ta Abijan za ka ga ɗaki mai cin mutum talatin da lasifika huɗu. Damuwata ba ƙarar ba ce kaɗai. Yanzu ko addu'a ake yi sai mai piyano ya riƙa bi da kiɗa a ƙasa-ƙasa, kamar ana gudun kada a bar mutum shi kaɗai da Mahaliccinsa ko na minti guda. Ana kiran Allah aboki, kuma gaskiya ne ya kusace mu cikin Almasihu, amma mai kusantar sarki ya fi kowa sanin yadda ake zama a fada.

A majami'armu mun yi wannan muhawara da gaske. Wani matashi ya ce mini, "Baba, ai Dawuda ma ya yi rawa a gaban Ubangiji." Na ce masa, "Haka ne, ɗana, amma ka karanta abin da ya sami Uzza a tafiyar da aka fara ɗauko akwatin alkawarin." Dattawa suka yanke cewa yabo ya ci gaba da ganga da kome, sai dai ranar Jibin Ubangiji a kashe na'urori duka, a yi waƙa da baki, kowa ya durƙusa in yana iyawa. Wasu matasan har yanzu suna ganin an tauye su, kuma sun nemi a sake duba maganar a taron dattawa na ƙarshen shekara.