Gida da Masara: Yadda Siyasar 1979 Ta Shiga Harkar Gidajen Talakawa

Duk wanda ya saba bin hanyar Ipaja a Legas ya san unguwanni biyu da ba su da nisa da juna: Shagari Estate da Abesan Estate. Ta farko gwamnatin tarayya ce ta gina, ta biyu kuma gwamnatin jiha. Kusan lokaci guda aka gina su, kuma gasar neman ƙuri'a ce ta haife su.

Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, jam'iyyar NPN ta fito da alamar gida da masara, wato matsuguni da abinci. Dattawanmu ba su manta da wannan tuta ba. Bayan Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, gwamnatinsa ta yi alkawarin gina gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha daga cikin jihohi 19 har da Abuja, akasarinsu don masu ƙaramin ƙarfi. Ɗan Legas, Wahab Dosunmu, shi aka ba ministan gidaje.

Sai dai akwai wani tarko da aka ɗana tun kafin zaɓen. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Jihohi bakwai kaɗai NPN ta ci, sauran 12 suna hannun 'yan adawa. Gwamnan adawa kuwa ya san duk gidan da aka gina a jiharsa da sunan Shagari ƙuri'a ce ake tara wa abokin hamayya kafin 1983. Don haka wasu suka yi ta jan ƙafa wajen ba da fili, a wasu wuraren kuma aka ba da shi can bayan gari, inda babu ruwa, babu wuta, babu motar haya. Ita ma tarayya ba ta wanke ba, domin kwangilolin sun zama hanyar sallamar 'yan jam'iyya, ko sun iya gini ko ba su iya ba.

Alhaji Lateef Jakande na UPN ya bi wata hanya dabam. Abin mamaki, gidaje ba sa cikin manyan manufofi huɗu na jam'iyyarsa, shi ya ƙara da kansa. Filin yana hannunsa, aikin kuma a gabansa ake yi. Cikin shekara huɗu ya gina gidajen da suka haura 20,000 a Amuwo-Odofin, Iponri, Oke-Afa, Iba, Abesan da sauran wurare. Ba wani kyan gani ne da su ba, amma malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci sun samu shiga.

Farashin man fetur ya faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, siminti da rodi suka yi tsada. Da zaɓen Agustan 1983 ya zo, abin da tarayya ta kammala bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na alkawarinta ba. Duk da haka Shagari ya sake ci, Jakande ma haka. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da su baki ɗaya, gine-gine da yawa suka tsaya ba rufi. A 1990, da aka rushe Maroko, irin waɗannan gidaje na Jakande da ba a ƙarasa ba a Ilasan da Ikota ne aka kai wasu daga cikin mutanen da aka tasa.