Awon Ɗigon Gajimare da Jirgin Sama: Nazari a kan Hadarin Damina a Ƙasar Kurfai

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake auna girman ɗigon ruwan gajimare da na'urorin da ake ɗaura wa jirgin sama. Ta nuna cewa a hadari irin na Filinge ƙanƙara na gurɓata wannan awo, don haka sai an tace alƙaluman kafin a kafa hujja da su.

Gabatarwa

Filinge, a ƙasar Kurfai, na cikin kwarin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai. Geron Kurfayawa ya dogara ne a kan manyan hadurran da ke tasowa daga gabas, waɗanda ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Sau da yawa hadari kan haɗu, gari ya yi duhu, a ƙare da iska da ƙura. Wani ɓangare na dalilin yana cikin girman ɗigo: sai ɗigon gajimare kusan miliyan ɗaya sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda.

Na'ura da tarnaƙinta

Na'urar FSSP, wadda Robert Knollenberg ya ƙera a Amurka a shekarun 1970, ana rataya ta a ƙarƙashin fiffike. Ɗigo na ratsa hasken leza ɗaya bayan ɗaya, kuma yawan hasken da kowanne ya warwatsa shi ke nuna girmansa, daga maikromita 2 zuwa 47. Lissafin ya ɗauka cewa kowane ɗigo ruwa ne, kuma mulmulalle. Nan matsalar take. Idan biyu suka shiga hasken tare, sai a ƙirga su a matsayin babba guda. Mafi muni, ƙwayar ƙanƙara kan daki bakin na'urar, jirgi na gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa, ta farfashe, a ƙirga ɓarɓashin a matsayin ƙananan ɗigo masu yawa.

Awon da aka yi a Nijar

A daminar 2006 shirin binciken damina na AMMA ya girke jiragen bincike a Yamai, ciki har da ATR-42 da Falcon 20 na Faransa da BAe-146 na Birtaniya, tare da radar ta jami'ar MIT. Falcon 20 ya dawo a Agustan 2010 don shirye-shiryen tantance awon tauraron ɗan'adam na Megha-Tropiques, ɗauke da na'urori masu ɗaukar hoton ƙwayoyin ƙanƙara.

Tattaunawa

Tun a shekarun 1970 Sean Twomey ya nuna cewa yawan ƙwayoyin da ke cikin iska na raba ruwan gajimare zuwa ɗigo ƙanana masu yawa. A 2001 Daniel Rosenfeld da abokan aikinsa suka ce ƙurar hamada kan hana ruwa sauka ta wannan hanya. Ra'ayin na da jan hankali ga mai zaune a bakin Sahara, amma a ganina bai isa hukunci a Kurfai ba. Gindin gajimaren Sahel na da nisa da ƙasa, kuma yawancin ruwan daga narkewar ƙanƙara yake fitowa, wato daidai inda FSSP ke kuskure. Ɓarɓashin ƙanƙara da tasirin ƙura alama ɗaya suke bari a alƙaluma. Ga kuma busasshiyar iskar da ke shanye ɗigo kafin ya iso gona.

Wannan ya shafi aikin fesa gishiri a gajimare don jawo ruwa, kamar shirin Saaga da Burkina Faso ta fara a 1998. Amfanin gishirin shi ne samar da manyan ɗigo inda babu su. Kafin a kashe kuɗi a kansa a Kurfai, ya kamata a yi awo a gindin gajimare, ƙasa da matakin daskarewa, da na'ura mai baki da aka gyara don rage farfashewa, a kwatanta da ma'aunan ruwa na ƙasa.