Cefane Kafin Zuwan Leda

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, mai cefane da mazubinsa yake fita. Hatsi a kwando, nono a ƙwarya, goro a ganye. In ƙwarya ta tsage, gyartai ya ɗinke ta. In ta gama aiki, ƙasa ta cinye.

A 1965 wani kamfani a ƙasar Suwidin ya yi rajistar ledar cefane. Kafin ƙarni na 20 ya ƙare ta mamaye kasuwanninmu, har ruwan sha ya koma cikinta. Mun karɓe ta don kyauta ake ba mu, alhali ba ta ruɓewa. Da damina tana toshe kwata ruwa ya shigo gida, akuya ta haɗiye ta ta rame, mahauta su tarar da ita a tumbi.

Bangladash ta haramta ta a 2002, Ruwanda a 2008, Nijar ta yi doka a 2014, amma har yau tana nan rataye a ƙayoyi. Doka ba ta raka mu wurin mai tumatir. Mu ne za mu fita da kwando da kwalbar mai, mu ce masa ya bar ledarsa.