Shata Iyakar Ƙari da Kwamfuta a Gashin Kansar Kai da Wuya: Me Ya Dace da Majinyatan Fagge da Sabon Gari?

Tsakure

Maƙalar ta duba manhajojin da ke shata iyakar ƙari a hoton CT kafin gashi, ta auna su da halin majinyatan Kano. Matsayarta ita ce a fara amfani da su wajen shata lafiyayyun gaɓoɓi, a bar ƙarin kansa a hannun likita har sai an tara hotunan gida.

Gabatarwa

Kafin a gasa kansa, likita kan bi hoton CT yanki-yanki, yana zagaye ƙarin da gaɓoɓin da za a kare. A kai da wuya aikin kan ci sa'o'i, domin wurin a cunkushe yake. Ƙarin na bukatar kimanin girei 70 (ma'aunin yawan gashi) cikin zama 35, alhali laka ba a son ta wuce 45, ƙullutun yawu na gaban kunne kuma ana tsare matsakaicinsa ƙasa da 26. Kuskuren 'yan milimita na iya barin mutum da bushewar baki har ƙarshen rayuwarsa.

Manhajojin

An ƙirƙiro U-Net a Jami'ar Freiburg ta Jamus a 2015, nnU-Net ta biyo baya daga Heidelberg. Ana gwada su da ma'aunin Dice, daga 0 zuwa 1, wato gwargwadon yadda zanen kwamfuta ya hau kan na likita. Gasar HECKTOR da aka fara a 2020 ta horar da su a kan hotunan PET da CT na kansar maƙoshi daga Kanada da Turai.

Tattaunawa

A nan gizo ke saƙa. Kansar maƙoshi a can sau da yawa tana da alaƙa da ƙwayar HPV. A Arewacin Nijeriya an fi cin karo da ta bayan hanci da ta maƙogwaro, kuma majinyaci daga Fagge ko Sabon Gari kan zaga kantin magani da mai maganin gargajiya kafin ya isa Asibitin Malam Aminu Kano. Lokacin ƙarin ya girma, ya ture gaɓoɓi daga mazauninsu. Manhajar da ba ta saba ganin irin wannan ba, za ta zana da ƙarfin hali, ta zana ba daidai ba. Ga shi hoton PET bai wadata a yankin ba.

Akwai kuma abin da ake rainawa: majinyata da dama fim ake miƙa musu a ambulan, kwamfuta kuwa ainihin fayil ɗin DICOM take karantawa.

Shawara

Cibiyoyin ɗaukar hoto na Fagge da Sabon Gari su riƙa adana fayilolin. Jami'ar Bayero da asibitocin koyarwa na Kano, Shika da Sakkwato su haɗa rumbu guda, a goge sunaye bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023. Kada a gasa kowa da zanen da likita bai duba ya sa hannu ba.