Gidan Makama, Inda Rumfa Ya Zauna Kafin Sarauta

Duk wanda ya tsaya a filin Ƙofar Kudu a birnin Kano, hankalinsa kan tafi ga fadar sarki. Amma kusa da wurin akwai wani gidan ƙasa mai zankwaye wanda masana tarihin Kano ke cewa ya girmi fadar kanta. Shi ne Gidan Makama.

An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon mulki a 1463, ya gina wa kansa sabuwar fada, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, tsohon gidan kuma ya zama mazaunin masu wannan sarauta. Rumfa ne sarkin da ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. Bayan jihadi sarautar Makama ta koma hannun Joɓawa, waɗanda ke cikin masu zaɓen sarki.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka mai da gidan ofishinsu na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makaranta, wani kuma gidan tarihi. A 1959 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne aikin magina. Bangon tubali ne mai kauri, shi ya sa ko ana tsananin zafin bazara, da mutum ya shiga zaure sai ya ji sanyi ya ratsa shi. Idan ya ɗaga kai zai ga bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗe a tsakiya, an jera azara a kai. Azarar ta giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba. A cikin sorayen an ajiye tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, da sulke da lifidi, da ɗakin amarya mai jeren ƙorai da tasoshi.

Sai dai ginin ƙasa ba ya son sakaci. Kowace damina tana zaftare masa wani abu, kuma idan ba a sake yaɓe an shafe shi da makuba ba, tsagewa kan biyo baya. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin maginan da suka iya ɗaurin guga sai ƙaranci suke yi, matasa sun koma ga bulo da siminti.